Ɗigo Ɗaya Tsakanin 7.5 da 75

Tun bayan babbar salla nake zama da 'yar wana da ƙawayenta huɗu a tsakar gidana, duk ranar Asabar da Lahadi daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, muna bitar lissafi. Dukkansu sun kammala sakandare, dukkansu suna neman gurbin karatun jinya ko na aikin ungozoma, kuma kowacce tana riƙe da takardar sakamako da ke nuna ta ci lissafi da kiredit. Ni ba malamar lissafi ba ce. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma yawancin shekarun aikina a ɗakin kwantar da yara na yi su, inda ba a ba yaro magani sai an ɗora shi a kan sikeli an san nauyinsa, sannan a tsaya a lissafa abin da ya dace da wannan nauyin. Abin da na gani a wajen waɗannan yara cikin makonnin da muka yi tare shi ya sa nake wannan rubutu, domin na tabbata ba su kaɗai ke cikin wannan hali ba, kuma gyaran bai kai wahalar da ake zato ba.

A zamanmu na farko na karɓe wayoyinsu na ajiye a ɗaki, na ba kowacce takarda mai tambayoyi 10, waɗanda babu ko ɗaya da ta wuce abin da ake koyarwa a aji shida na firamare. Na ce su raba 618 gida 6, uku daga cikinsu suka rubuta 13. Na ce su tara rabi da sulusi, huɗu suka rubuta 2/5. Na ce su jera 0.5 da 0.25 da 0.125 daga ƙarama zuwa babba, sai biyu suka sa 0.125 a matsayin babbar, hujjarsu kuwa ita ce 125 ta fi 25, 25 kuma ta fi 5. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne, waɗannan yaran suna iya karanto dogayen ƙa'idojin aljabara da ka kamar ruwa, domin sun haddace su lokacin da jarrabawar gama sakandare ta matso. An yi wa ginin rufi, harsashin kuwa duk rami ne. Ban yi musu faɗa ba, ban kuma bari sun ga damuwa a fuskata ba, saboda yarinyar da aka kunyata a kan lissafi sau ɗaya tana iya shekara guda ba ta sake ɗaga hannu a aji ba.

Akwai dalilin da ya sa ake isowa wannan matsayi, kuma ba daga yaran kaɗai yake ba. Sharaɗin shiga karatun jinya a Najeriya sananne ne: kiredit biyar a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks, a jarrabawar WAEC ko NECO, cikin zaman da bai wuce biyu ba. Amma a jarrabawar JAMB, wadda ita ce ƙofar shiga jami'a, kuma yanzu ta zama ƙofar kwalejojin jinya da suka koma tsarin difloma da babbar difloma, darussa huɗu ne mai neman jinya ke rubutawa, wato Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks. Lissafi ba ya cikinsu. Saboda haka daga ranar da aka fito daga ɗakin jarrabawar sakandare, littafin lissafi ya shige ƙasan akwati ke nan, ba a sake waiwayarsa. Sai yarinya ta je jarrabawar tantancewa, wadda makarantu da dama ke shiryawa da kansu, ta tarar da tambayoyin lissafi suna jiranta, ko kuma ta tarar da shi a ɓoye cikin tambayoyin kemistiri da fiziks, inda sanin ƙa'ida ba ya amfani idan ba a iya raba lamba mai ɗigo ba. Ko makarantun asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato ake nema, ko kwalejojin jinya na jihohi, masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, don haka makin tambaya biyu ko uku yana iya raba wadda aka ɗauka da wadda za ta jira baɗi.

Duk da haka, ba cin jarrabawa ne ya fi damuna ba. Shekarun baya, a wani aikin dare, wata ɗaliba da ke koyon aiki a ƙarƙashina ta kawo mini sirinjin da ta zuƙo magani domin in duba kafin a yi wa wani jariri allura, kamar yadda ƙa'ida ta tanada cewa mutum biyu ne za su duba irin wannan maganin. Ina ganin yawan ruwan da ke cikin sirinjin na dubi jaririn, wanda nauyinsa bai kai kilo 4 ba, sai gabana ya faɗi. Muka koma kan katin. Wanda ya rubuta ya yi nufin rabin mil, amma bai sa sifili a gaban ɗigon ba, ɗigon kuma biron bai kama shi sosai ba, sai ita ta karanta mil 5. Ninki goma ke nan. Allah ya tsare, allurar ba ta shiga jikin jaririn ba. Ɗalibar ba sakarai ba ce, yarinya ce mai natsuwa da son aikinta, abin da ta rasa kawai shi ne ido da zai dubi lamba ya ce mata wannan ta yi yawa. Tun daga wannan daren nake kallon lissafin jarrabawar shiga a matsayin lissafin bakin gado da aka kawo shi da wuri. Abin da ake tambaya a takarda, wato kaso da lamba mai ɗigo da kashi cikin ɗari da sauya ma'auni, shi ne zai dawo bayan shekara biyu a cikin sirinji, a lokacin kuwa babu zaɓi huɗu da za a canka ɗaya.

Da muka ci gaba da zama, sai na lura da abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa: yaran nan sun iya lissafi, da Hausa suka iya shi. Mahaifiyar 'yar wana tana sayar da kayan miya da ƙwai a cikin gida, kuma yarinyar ce ke karɓar kuɗi tun tana firamare. Na rubuta mata 200 + 3 × 150, ta tara 200 da 3 ta fara ninka 203 da 150. Na ture takardar na ce mata, “'Yata, wata ta sayi tumatir na naira 200 da ƙwai uku a kan naira 150 kowanne, nawa za ta ba ki?” Kafin in rufe baki ta ce, “Ɗari shida da hamsin, Gwaggo.” Ta ninka kafin ta tara, ba tare da wani ya tuna mata ƙa'idar BODMAS ba, domin a ciniki babu mai hankalin da zai tara kuɗin tumatir da adadin ƙwai. Daga nan na canza salon koyarwar gaba ɗaya. Duk tambayar da ta zo, sai an fara mayar da ita abin da ake iya gani ko taɓawa, sannan a koma kan alamomi. Wannan bin tsari shi ne kuma ke aiki wajen sauya ma'aunin zafin jiki, tambayar da masu shirya jarrabawa ke so: digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, a ninka da 9 a samu 333, a raba gida 5 a samu 66.6, sannan a ƙara 32 a samu 98.6 a ma'aunin Faranhait. Wajen dawowa kuwa ana fara ɗebe 32, shi ya sa 104 ke komawa 72, sannan a ninka da 5 a raba gida 9 ta zama 40, zazzaɓin da ba a barin yaro da shi a layi.

Haddar sau ba ta da wata dabara, sai dai a zauna a haddace ta har zuwa 12 sau 12, a riƙa maimaitawa daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, da kuma a gauraye, har ta kai an tashi yarinya daga barci an ce 7 sau 8 ta ce 56. Mai ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15 ta samu 23 tana buƙatar 23 sau 4, wato 92 a minti, nan take, hannunta na kan wuyan hannun mara lafiya. Kuskuren 618 gida 6 kuwa daga mantuwa da sifili yake: 6 ta shiga 6 sau ɗaya, ba ta shiga 1 ba, a nan ne ya kamata a rubuta sifili kafin a sauko da 8. Amma tun kafin a fara rabawa, da an ce da yarinya mutum shida za su raba naira 600, ta san kowa zai samu 100, don haka amsar da ba ta kusa da 100 ba ta da wurin zama.

A kan lissafin kaso muka fi daɗewa, kuma a nan ne na samu taimako daga inda ban fara tunani ba. Huɗu daga cikin yaran sun yi Islamiyya har sun taɓa karatun rabon gado. Sun san nisfi da rubu'i da sumuni, sun san sulusani da sulusi da sudusi, kason da aka ambata a cikin suratun Nisa'i, amma ba su taɓa haɗa waɗannan da 1/2 da 1/4 da 1/8 da 2/3 da 1/3 da 1/6 na littafin boko ba, kamar abubuwa ne na duniya biyu. Na kawo musu misali: mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da uwa da ɗan'uwa shaƙiƙi guda ɗaya. Miji yana da rabi, uwa tana da sulusi, abin da ya rage na ɗan'uwan ne. Na tambaye su yadda malamin fara'ili zai fara. Ɗaya ta ce zai nemi asalin mas'ala, wato lambar da rabi da sulusi duk za su fita daga cikinta ba tare da ragowa ba, ita ce 6. Miji ya ɗauki 3, uwa ta ɗauki 2, saura 1. Na ce to rabi da sulusi nawa ke nan a haɗe? Suka yi shiru na ɗan lokaci, sai 'yar wana ta ce biyar cikin shida, ta dubi takardarta ta ranar farko inda ta rubuta 2/5, ta rufe baki da hannu. Asalin mas'ala shi ne abin da malamin lissafi ke wahalar koyarwa da sunan neman lambar ƙasa ta bai ɗaya. Na kuma nuna musu cewa 2/5 ba ta kai rabi ba, to ta yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya dawo ƙasa da rabi? Haka nan ba sai an yi musu dogon bayani ba cewa 1/8 ta gaza 1/4, tun da sun san matar da mijinta ya bar ɗa kasonta yana sauka daga rubu'i zuwa sumuni. Ina ganin malaman lissafi na makarantunmu suna asarar babbar dama da ba sa amfani da wannan ilimi da yara da yawa ke shigowa aji da shi.

Lamba mai ɗigo ta fi ba yaran yanzu wahala fiye da yadda ta ba mu, domin mu mun tashi muna kashe kwabo, mun san kwabo 50 rabin naira ne, kwabo 25 kuma rabin wancan. Su ba su taɓa riƙe kwabo ba. Sai na koma kan ledar fiya wata, wadda ke ɗauke da mil 500, wato rabin lita, wato 0.5. Rabin ledar mil 250 ne, shi ne 0.25, rabin wannan kuma mil 125, shi ne 0.125. Da muka zuba ruwan a kofuna uku suka gani da idonsu, gardamar wace ce babba ta ƙare. Waɗannan lambobi uku ba da ka na zaɓe su ba. Akwai maganin zuciya mai suna digoksin da ƙwayarsa ke zuwa da ƙarfin miligiram 0.25, idan likita ya rubuta 0.125, rabin ƙwaya za a bayar. Wadda ta ɗauka 0.125 ta fi 0.25 za ta fara tunanin ƙara ƙwaya, alhali magani ne da tazarar da ke tsakanin warkarwarsa da cutarwarsa ba ta da faɗi. Na kafa musu doka biyu da nake so su zame musu jiki tun yanzu, ko a takardar gwaji: ba a barin ɗigo tsirara, 0.5 ake rubutawa da sifilinta a gaba, ba a kuma rubuta 5.0 inda 5 ta wadatar, domin idan ɗigon ya ɓace ta zama 50.

Sauya ma'auni tsani ne mai matakai, kowane mataki 1,000: kilo ɗaya giram 1,000 ne, giram ɗaya miligiram 1,000, miligiram ɗaya maikirogiram 1,000, lita ɗaya kuma mil 1,000. Haddace wannan ba ya ɗaukar minti biyar. Inda ake faɗuwa shi ne sanin lokacin ninkawa da lokacin rabawa, kuma a nan ma ba na son hadda. Buhu ɗaya idan aka auna shi da mudu, adadin zai yi yawa saboda mudu ƙarami ne, haka duk wanda ya sauko daga babban ma'auni zuwa ƙarami lambarsa za ta ƙaru. Jaririn da aka haifa da kilo 2.5 giram 2,500 ne, kuma wannan ita ce iyakar da ake cewa wanda ya gaza ta an haife shi da ƙarancin nauyi.

Kashi cikin ɗari ma yana da ƙofar shiga daga abin da suka sani. Zakkar kuɗi ɗaya ce cikin arba'in, idan aka raba 100 gida 40 sai a samu 2.5, shi ne kashi biyu da rabi cikin ɗari da suke ji a wa'azi. Zakkar amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ɗaya ce cikin goma, kashi 10 ke nan, wadda aka sha wahalar ban ruwa kuwa rabin haka, kashi 5. Daga nan na ɗauko musu ledar ƙarin ruwa da babu komai a ciki na ce su karanta abin da ke jikinta. Ruwan sukari mai kashi 5 yana nufin giram 5 a cikin kowane mil 100, saboda haka leda mai mil 500 tana ɗauke da giram 25. Ruwan gishiri mai kashi 0.9 kuwa giram 9 ne a lita guda. Ga masu son aikin ungozoma na kawo misalin da ya fi kowanne nauyi a wajena, wato maganin magniziyam salfet da ake ba mai juna biyu idan jijjiga ta kama ta sakamakon hawan jini. Yana zuwa da ƙarfin kashi 50, ma'ana rabin giram a kowane mil. Ana buƙatar giram 4 ta jijiya a farkon farawa, mil 8 ke nan, amma ba a tura shi da wannan kaurin, sai an ƙara ruwan allura mil 12 ya zama mil 20, giram 4 cikin mil 20 kuwa kashi 20 ne cikin ɗari. Wannan lissafin ana yin sa ne mace tana kwance tana jijjiga, danginta suna salati a bakin ƙofa, babu wanda zai ba ungozoma minti goma ta tuno ƙa'ida. Na gaya musu, kamar yadda nake gaya wa mai karatu, cewa waɗannan misalai na koyon lissafi ne, ba izinin ba wa kowa magani a gida ba ne.

Gwargwado, wato abin da ake rubutawa kamar 1:6, yana da tarko guda da ke kama kusan kowa. A asibiti ana tsarma bilic mai ƙarfin kashi 3.5 ya koma kashi 0.5 domin kashe ƙwayoyin cuta, ta hanyar zuba awo ɗaya na bilic a cikin awo shida na ruwa. Yara suna ganin 1:6 sai su ce bilic ɗin ɗaya ne cikin shida, alhali awo bakwai ne gaba ɗaya, don haka ɗaya ne cikin bakwai, kuma 3.5 gida 7 shi ne ya ba da 0.5. Duk tambayar jarrabawa da ta ce a raba naira 2,100 tsakanin mutum biyu a kan 3:4, da wannan tarawar ake buɗe ta: kaso bakwai, kowane kaso 300, ɗaya ya ɗauki 900, ɗayan 1,200.

Lissafin ɗigon ƙarin ruwa shi ne inda duk abubuwan nan ke haɗuwa, shi ya sa na bar shi sai da ƙafarsu ta yi ƙwari. A yawancin asibitocinmu babu na'urar da ke tura ruwa da kanta a kowane gado, ma'aikaciyar jinya ce ke tsayawa da agogo tana ƙirga ɗigo tana murɗa maƙullin roba. Robar manya da aka fi amfani da ita tana ba da ɗigo 20 a kowane mil, ta ƙananan yara kuma ɗigo 60, kuma ana rubuta wannan a jikin ledar robar, dole a duba. Idan aka ce mil 500 ya shiga cikin awa 4, jimlar ɗigo 10,000 ne, jimlar mintuna 240, idan aka raba sai a samu 41.67, tun da kuwa ba a ƙirga ɓarin ɗigo, sai a ce 42 a minti. Wadda ta fahimci tushen za ta gano gajeriyar hanya da kanta: mil 125 ne a awa, da robar ɗigo 20 sai a raba gida 3 kawai, da robar ɗigo 60 kuwa adadin mil a awa shi ne adadin ɗigo a minti. A nan ne wani kuskuren ya fito wanda ban zata ba. Na ce awa 1.5 minti nawa ne, biyu suka ce awa ɗaya da minti 50. Sun manta awa ba ɗari take cika ba, 60 ce, don haka awa ɗaya da rabi minti 90 ne, awa 2.25 kuma awa biyu da minti 15.

Sauran matsalar ta harshe ce. Da Turanci ake rubuta jarrabawa, kuma sau da yawa yarinya tana faɗuwa ne tun kafin ta fara lissafin, saboda ba ta gane abin da aka tambaye ta ba. Ba ta bambance kalmar da ke nufin jimla da wadda ke nufin sakamakon ninkawa, ko kuma jimlar ta ambaci ƙaramar lamba da farko a tambayar ɗebewa, sai ta rubuta su a jere yadda suka zo ta samu amsa a juye. Abin da muke yi shi ne, kowacce ta karanta tambayar da Turanci, ta ɗaga kai ta faɗa wa 'yan'uwanta da Hausa abin da aka bayar da abin da ake nema, kafin biro ya taɓa takarda. Wadda ta kasa faɗa da Hausa ba ta gane ba, komai kyawun karatunta.

Sun yi mini ƙorafi a kan karɓe waya, suka ce ai ko a jarrabawar JAMB akwai kalkuleta a kan allon kwamfuta. Gaskiya ne akwai, kuma ni ma ina amfani da ita a wurin aiki. Sai dai kalkuleta abin da yatsa ya danna take lissafawa, idan aka tsallake ɗigo ba za ta yi gargaɗi ba, za ta fitar da amsar kuskure da irin tsabtar da take fitar da ta daidai. Shi ya sa na sa musu sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci a wajena: kafin a lissafa, a kintata. Kowacce ta rubuta a gefen takarda cewa amsar za ta faɗo tsakanin kaza da kaza, sannan ta yi aikin, sannan ta gwada abin da ta samu da abin da ta kintata. A jarrabawa mai zaɓi huɗu wannan kaɗai yakan kawar da biyu daga ciki cikin daƙiƙa kaɗan, ya rage lokaci ga tambayoyi masu wuya.

Tsakanin Lahadi da Asabar kowacce tana yin minti 30 a kullum, ta fi kyau bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, kuma tana da ƙaramin littafi da take rubuta duk tambayar da ta faɗi da dalilin faɗuwar, domin na lura kowacce tana da kuskure biyu ko uku da take maimaitawa, ba lissafin duka ne ya gagare ta ba. Tambayoyin shekarun baya sai a makonnin ƙarshe muke taɓa su, da agogo a gabanmu, minti ɗaya ga kowace tambaya. Na kuma je na roƙi iyayensu mata, ɗaya bayan ɗaya, su ɗauke musu aike da wanke-wanke na wannan rabin awar, kuma babu wadda ta ƙi. Duk abin da na faɗa a nan ya shafi samari masu neman wannan karatu, don dai 'yan mata ne Allah ya kawo tsakar gidana.

A Lahadin da ta wuce na ba su wannan: yaro mai kilo 12, an rubuta masa farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, maganin ruwan kuma yana da miligiram 120 a cikin kowane mil 5, mil nawa za a ba shi? 'Yar wana ta ninka 12 da 15 ta samu 180, daidai. Ta raba da 120, ɗigon ya kuɓuce mata, ta samu 15 a maimakon 1.5, ta ninka da 5 ta rubuta 75. Ina kallonta ban ce komai ba. Ta riƙe biron a sama tana duban lambar, sai ta ce, “Gwaggo, wannan ba zai yiwu ba. Kwalbar da muke saya wa ƙanena gaba ɗayanta mil 60 ce.” Na ce to me kika gani? Ta ce idan mil 5 yana ɗauke da 120, saura 60 ne a cika 180, 60 kuma rabin 120 ne, don haka mil 5 ne da rabin mil 5. Ta soke 75, ta rubuta 7.5, ta danna ɗigon da ƙarfi har ya huda takardar. Saura mako uku su shiga jarrabawar, kuma Asabar mai zuwa za mu sake komawa kan raba lamba mai ɗigo, domin biyu daga cikinsu har yanzu suna tuntuɓe a wurin.